Amsa ga 'yar'uwar da ta ga kaska a kunnen kyanwarta

Assalamu alaikum 'yan gida. 'Yar'uwa, tun da asuba na ga tambayarki na kasa wucewa. Kin ce bayan ragon layya ya yi kwanaki a ɗaure a tsakar gidanku a Idi-Araba sai kika ga kaska uku a kunnen kyanwarki da wuyanta, maƙwabciya ta ce ki ɗiga musu kananzir, wani kuma ya ce ki sayo maganin kaskar karnuka ki shafa mata. Don girman Allah kada ki yi ko ɗaya. Wannan na biyun shi ya kashe min ɗan kyanwa, uwarsa ma da kyar ta sha.

Mu a Agege muke, ba nisa da kasuwar dabbobi ta Oko-Oba, kaska kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Shekara biyu da suka wuce na ga guda biyar a jikin Gimbiya, kyanwata, lokacin tana shayar da ɗanta ɗaya da ya rage. Na je wani shagon magungunan dabbobi, na faɗa wa mai shagon da bakina cewa na kyanwa nake so. Sau biyu na faɗa. Ya miƙo min wani ɗan kwali mai hoton kare, na ce ai wannan kare ne a jiki, ya ce Hajiya duk ɗaya ne, ki dai ɗiga rabi. Na yarda da shi don shi ke zaune a cikin magungunan. Bayan la'asar na ɗiga mata a ƙeya. Kafin isha'i kunnuwanta sun fara rawa, fatar bayanta tana motsi ita kaɗai, miyau yana dalala. Can sai ta faɗi ta hau shure-shure kamar mai farfaɗiya. Ɗan kuma yana kwance a jikinta tun yamma, ya goga maganin, ya lasa. Babu wuta a daren, da fitilar waya nake haska su, yarana suna kuka, maigida bai dawo daga Mile 12 ba. Na naɗe su a zani na fita neman keke. Wanda ya san hanyar Agege zuwa Ikeja da daddare ya san abin da nake nufi da cunkoso, ga achaba an hana shi shiga Ikeja tun 2022. A kan cinyata ɗan ya cika, muna tsaye wuri ɗaya, ina jin jikinsa yana saki. Har yau idan na bi ta wurin sai na kau da kai.

Likitar dabbobin da ta karɓe mu ta duba kwalin ta nuna min kalmar permethrin. Ta ce sinadari ne da kare ke ɗauka lafiya, amma hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, sai ya taru ya bugi jijiyoyinta. Ba shi da makari. Abin da suka yi shi ne wanke ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke-wanke, allurar tsayar da karkarwa, da ƙarin ruwa. Kwana biyu ta yi a can, kuɗin da na kashe ya ninka na maganin sau ba adadi. Da na koma wurin mai shagon ko a jikinsa, wai ƙila na zuba da yawa. Ko sannu bai ce min ba. Wani da ke zaune a bencinsa har da dariya, wai a kan mage nake wannan tashin hankali. Dabbar da sahabi guda ya samu laƙabinsa saboda ita, Abu Huraira, ita ce abin dariya? Na bar shi da Allah, amma ban sake taka ƙofar shagonsa ba, kuma duk wanda na sani a layinmu na gaya masa.

To ga yadda likitar ta koya min, kuma da shi nake aiki har yanzu. Ki sami matsefata mai siririn baki, ba irin mai faɗin nan ta cire gashin gira ba. Ki sa safar hannu, ko leda ma idan babu. Ki naɗe kyanwar a tawul, kai kaɗai a waje, wani ya riƙe miki ita, ki zaɓi lokacin da ta ci ta ƙoshi tana jin barci. Ki buɗe gashin, ki kama kaskar daf da fata, wurin bakinta, ba cikinta da ya kumbura ba. Sai ki ja sama a miƙe, a hankali, ba fizga, ba murɗawa. Za ki ji tana turjewa, saboda bakinta yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon baya, kuma tana fitar da wani abu kamar gam da ke manne ta da fata. Ki ci gaba da ja da ƙarfi ɗaya, da kanta za ta saki. Akwai kuma wata 'yar ƙugiyar roba mai tsaga da ake sayarwa a asibitocin dabbobi, ita kam zura ta ake yi a ƙarƙashin kaskar a juya, ta fi sauƙi ga mai rawar hannu irina.

Af, ki tabbatar kaska ce kafin ki ja. Ki haska da kyau ki ga ƙafafu, babba tana da takwas. Na san wadda ta kama kan nonon kyanwa da matsefata tana zaton kaska ce, kuma namiji ma yana da su a ciki.

Kananzir, man ja, basilin, kan ashana mai zafi, duk ki bar su. Mun taso muna ganin ana yi wa shanu da awaki dabaru iri-iri, amma kyanwa ba akuya ba ce, komai ya taɓa jikinta sai ta lashe. Ban da haka, idan aka takura wa kaska ko aka matse cikinta, tana iya mayar da abin da ke cikinta zuwa jinin dabbar, cutar da ake gudu kenan. Fiya-fiya kuwa ko kusa da ita kada a kai.

Idan kin cire kada ki murtsuke ta da farce kamar yadda ake yi wa kwarkwata, jinin da ke cikinta yana iya ɗauke da cutar da ke kama mutum, musamman irin kaskar da ke zuwa a jikin raguna da shanu. Ki jefa ta cikin 'yar kwalba mai sifirit ki rufe. Wurin cizon ki goge da ruwan gishiri mai ɗumi. Ban da Dettol, ban da Izal, irin waɗannan masu sa ruwa ya yi fari suna cutar da kyanwa. Kuma ina roƙonki, ko kin ga jikinta ya yi zafi kada ki ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Mutane da yawa ba su san wannan ba, ni ma sai a wancan daren na asibiti na sani.

Idan bakin kaskar ya karye ya rage a fata, kada ki hau tono da allura. Wani ɗan kurji zai fito, fata takan turo shi waje da kanta cikin kwanaki. Sai in ya kumbura ko ya fara ruwa ki kai ta asibiti. Wadda ta shige can cikin ramin kunne ko ta maƙale a fatar ido ma ki bar wa likita.

Ukun da kika gani ba lallai su kenan ba. Ki shafa ta da yatsu ko'ina: ƙarƙashin haɓa, hammata, tsakanin yatsun ƙafa, gindin wutsiya. Sannan gidan kansa. Mu abin da ya wahalar da mu shi ne karen maƙwabta, domin kaskar kare mai ruwan ƙasa tana iya rayuwa ta hayayyafa a cikin ɗaki, a tsagar bango da bayan kujeru, mace ɗaya tana zuba ƙwai dubbai. Ga damina ga zafin Legas, wuri ya same ta. Sai da muka toshe tsagogin da siminti, na riƙa wanke shimfiɗar Gimbiya da ruwan zafi ina shanyawa a rana. Ke ma ki share inda aka ɗaure ragon nan sosai, ragowar harawa da igiyar duk a fitar.

Maganin kariya akwai na kyanwa zalla. Ni mai sinadarin fipronil nake ɗiga mata a ƙeya duk wata, inda harshenta ba ya kaiwa. Ki sayo a wurin likita, ki ga hoton kyanwa a kwalin da idonki, ki karanta bayansa, a auna nauyinta. Idan ba ta kai mako 8 ba, kada ki ɗiga komai sai likita ya ce. In akwai kare a gidan da aka sa wa nasa maganin, a raba su kamar kwana uku.

Nan da mako biyu zuwa uku ki sa mata ido. Ki riƙa ɗaga leɓenta kina duba dasashi, ya kamata ya zama ja-ja. In ya yi fari ko rawaya, ko ta daina cin abinci, ko ta lafe wuri ɗaya, to jininta ne ke raguwa, kada ki jira gobe. Ki tafi da kwalbar kaskar likita ya gani. Kuma tun yau ki nemi lambar asibitin da ke buɗe da daddare kusa da ku ki ajiye a waya, ni a wancan daren sai da na kira mutum huɗu kafin a yi min kwatance.

Idan kin cire su ki dawo ki gaya mana yadda ta kwana, ina nan ina dubawa. Allah Ya ba ta lafiya.