Gilashin lambobi ba ya son wuta mai tsayawa wuri ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyon gyaran rediyo da talabijin a Nima. Na ciro gilashin lambobi (LCD) daga wata tsohuwar mitar awon wuta, na haɗa shi da Arduino Uno, ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni: ƙafar COM, wadda duk sassan lambobin suka yi tarayya a kanta, a GND, wato layin sifilin volt, sauran na ba su volt 5. Da farko lambar ta fito ɓaro-ɓaro, amma yanzu ta dusashe, ko na cire wutar sai inuwarta ta zauna. Gilashin ne ba shi da kyau? Ɗan koyo, Nima, Accra.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gilashinka lafiyarsa ƙalau kafin ya shigo hannunka. Ka ɗauke shi kamar fitilar LED ne, alhali ba halinsu ɗaya ba. Ni ma haka na kashe gilashina na farko, na wani agogon tebur. Har yau ina ganin lamba 8 ɗin nan da ta ƙi gogewa, ta yi dishi-dishi kamar tabon mai a takarda.

Gilashin nan falle biyu ne, tsakaninsu akwai wani ruwa siriri. Idan wutar DC, wato mai tsayawa ba ta juyawa, ta daɗe tana bin sa ta gefe guda, sai ta riƙa cin ruwan da siraran layukan da ke jikin gilashin, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Abin da yake so shi ne wuta mai juyawa.

Ka cire COM daga GND, ka kai ta wata ƙafar Arduino. Duk bayan milisakan 10 ka juya ta: sama, ƙasa, sama, ƙasa. Wannan ya ba ka zagaye 50 a daƙiƙa, daidai da wutar gidajenmu a Ghana, kuma ido ba zai ga ƙyaftawa ba. Sashen lambar da kake so ya yi baƙi, ka ba shi kishiyar COM, idan ta hau ya sauka. Wanda kake so ya ɓace kuwa ya bi ta sau da ƙafa, don bambancin da ke tsakaninsu ya zama sifili.

Inda yara suka fi faɗuwa shi ne daidaita lokacin. Dole hawa da sauka su yi tsawo ɗaya, in ba haka ba DC ta sake shigowa ta bayan gida. Don haka na fi son a ɗora juyin a kan agogon cikin ATmega328P, wato ƙwaƙwalwar Uno, ba a kan umarnin jira na delay ba. Ka sa mitarka a DC tsakanin COM da sashe mai kunne. Ya kamata ta tsaya kusa da sifili, kada ta wuce milivolt 50.

Ƙafafun Uno 20 ne, ba za su ishi gilashin mita ba. Ka ƙara 74HC595, ƙaramin guntun da ke ƙara yawan ƙafafu, kowanne zai ba ka takwas.

Idan wata rana ka samu gilashi mai COM uku ko huɗu, kada ka wahalar da kanka, domin yana buƙatar matakan wuta na tsakiya. Ka nemi HT1621, guntun da aka yi don sarrafa irin wannan gilashi, mai ɗaukar sassa 128, wato 32 sau COM 4, da wayoyin umarni uku kacal. Ka fara tambaya a Zongo Lane, inda ake sayar da kayan lantarki a Accra. Ka kuma goge robar nan mai zane-zane da ke haɗa gilashi da allo da ɗan sifirit kafin ka mayar, don yawancin sassan da ake cewa sun mutu datti ne kawai ya tare su.