Dusar ƙanƙara ba ta tafiya da ƙafarta: amsar tambayar Yaya

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fata kowa da kowa lafiya. Ka ce ka ga bidiyon motoci sun nutse cikin farin abu har rufinsu, kana tambaya ko a ɗaka muke zama sai rana ta narkar da shi, ko kuwa akwai masu kwashewa. Tambayar ta cancanci amsa mai tsawo, don yawancin 'yan'uwanmu da ke sauka Kanada da wannan tunanin suke zuwa, cewa dusar ƙanƙara za ta zubo ta wuce abinta.

Ba ta wucewa. A nan Montiriyal, cikin lardin Kebek, wadda ta zubo a Disamba tana iya kai Maris tana nan daram, domin sanyin ba ya barin ta narke. Idan aka haɗa ta shekara guda, takan kai kusan mita biyu. Ke nan dole a ɗebe ta a zuba a mota a fitar da ita daga cikin gari, kamar yadda tifa ke jigilar yashi. Ranar da take sauka ba ita ce ranar wahala ba, kowa na ciki yana leƙe ta taga. Wahalar tana cikin kwanakin da ke biyo baya, kuma abin da ke riƙe garin shi ne kowa ya san rabonsa na aikin: na hukuma daban, na mai gida daban, na mai mota daban.

Bari in fara da na hukuma. Birnin yana da gundumomi 19, kuma tituna da hanyoyin masu tafiya a ƙafa da ake sharewa sun kai kimanin kilomita 10,000. Abin da ake kashewa a kan wannan aiki kaɗai ya doshi dala miliyan 200 na Kanada a shekara. Tun kafin ta taru ake watsa gishiri a kan kwalta don kada ta daskare ta zama sulɓi. Idan sanyi ya tsananta, gishirin yakan rage ƙarfi, sai a haɗa da ƙananan tsakuwa don taya ta samu abin kamawa. Da ta ɗan taru, motoci masu faffaɗan ƙarfe a gaba sun fito suna ture ta gefe, dare da rana, ana fara wa da manyan hanyoyi, layukan bas da ƙofofin asibitoci. Akwai kuma wasu 'yan ƙananan motoci masu ƙafar katafila da ke bin hanyar masu ƙafa, da gudu kuwa, in ka ji ƙararsu a bayanka ka matsa. Wannan wata gata ce da muke da ita. 'Yan'uwanmu da ke birnin New York, mai gida ko mai shago ne ke share hanyar da ke gaban ƙofarsa cikin sa'o'in da doka ta yanke, in bai yi ba a ci shi tara.

Turewa gefe ba kwashewa ba ne. Idan abin da ya taru ya kai santimita 10 zuwa 15, sai birni ya shelanta cewa za a fara lodi, kuma a nan ne baƙo yake shan mamaki. Za ka tashi ka ga an kafa wasu alluna masu ruwan lemo a layinku, an rubuta lokacin da ba a yarda mota ta kwana ko ta wuni a wannan ɓangaren ba, yawanci daga bakwai na safe zuwa bakwai na yamma, ko daga bakwai na yamma zuwa bakwai na safe. Akwai manhajar waya da ke nuna layin da za a shiga, amma allon da ke kan titi shi ne doka. Kafin ayarin motocin lodin ya iso, motocin janwe suna zagaye layin da wata irin jiniya mai hawa da sauka, wadda duk wanda ya yi hunturu ɗaya a garin nan zai gane ta ko cikin barci. Sai ka ga mutane na fitowa da gudu, wani da rigar barci a ƙarƙashin kwat, wani takalmi a warwatse, kowa na neman ceton motarsa. Wanda bai fito ba, a ja tasa a ajiye ta a wani layi da ke kusa, a bar masa takardar tara. Ya fito da safe ya ga wayam, ya ɗauka sata aka yi, alhali tana bayan layi tana jiransa.

Shi kansa ayarin abin kallo ne, yara har tsayawa suke a taga. Gireda ce ke fara wucewa tana tattara dusar ta jera ta tudu ɗaya doguwa a kan titi. Sai babbar na'urar ta biyo, bakinta da wasu ƙarafa masu juyawa suna haɗiye tudun, tana feso shi ta wani bututu a sama zuwa cikin tifar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita. Kafin ka gama kallo tifar ta cika ta ja gaba, ta baya ta maye gurbinta, na'urar ba ta ko tsaya ba, ga wasu tifofin sun yi layi har ƙarshen titi. A gaban na'urar akwai mutum ɗaya a ƙafa, sanye da riga mai ƙyalli, aikinsa kawai ya tabbatar babu yaro ko wani abu a cikin tudun. Duk lokacin da na ga mutumin nan cikin sanyin tsakar dare sai in yi masa addu'a, don rayuka ne a hannunsa. Na'urar ma ɗan garin nan ne ya ƙirƙiro ta, Arthur Sicard, a 1925, kuma garin Outremont, wanda yanzu gunduma ce a cikin birnin, ya sayi irinta a 1927.

Ina ake kai ta? A da a kogin Saint-Laurent ake juyewa, aka hana saboda gishiri da dattin titi da ke cikinta. Yanzu wata ana zuba ta ta wasu manyan ramuka zuwa cikin magudanan ƙarƙashin ƙasa, ta narke ta bi ruwa zuwa matatar ruwan datti. Saura kuma a kai filaye na musamman, ciki har da wani tsohon ramin fasa dutse a unguwar Saint-Michel. A filayen nan takan zama duwatsu baƙaƙe ƙirin saboda datti, har bazara ta yi nisa ba su gama narkewa ba.

Ko da wannan shiri, wani lokaci abin yana fin ƙarfin kowa. A Fabrairun 2025 guguwa biyu suka zo a jere, suka sauke sama da santimita 70 cikin kwana huɗu. An rufe makarantu, an dakatar da kwasar shara, lodin ya haura mako guda ana yi. A Maris na 2017 kuma motoci kusan 300 suka kwana a maƙale a babbar hanya mai lamba 13, mutane a ciki har safiya. Abin ya tada ƙura ƙwarai, har gwamnatin lardi ta nemi afuwa. Ina son wannan hali nasu: ba a cewa ai daga Allah ne a yi shiru. Saukarta daga Allah ne, amma barin mutane su kwana a hanya sakacin wani ne, kuma sai an nemo inda sakacin yake.

Rabon mai mota ba ƙarami ba ne. Dokar Kebek ta wajabta sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, wanda aka kama babu su zai biya tarar dala 200 zuwa 300. Robarsu ba ta ƙandarewa cikin sanyi, shi ya sa birki ke kamawa. Doka ta kuma hana ka hau titi da tulin ƙanƙara a rufin mota, don tana iya tashi ta faɗa wa na bayanka. A but ɗin kowace mota za ka tarar da ƙaramin shebur, burushi mai dogon hannu da abin kankare gilas. Idan motar turewa ta wuce, takan gina wa motarka katanga a gefe, mai tauri, sai ka haƙa da hannunka kafin ka fita.

A nan ne nake so ka fahimci abin da mu Hausawan garin, na Najeriya da na Nijar, muke yi wa juna. Ba mu da yawa, kuma da yawanmu aikin da muke yi ba ya jiran a share hanya: masu tuƙin haya, masu kai saƙo gida-gida, mata masu kula da tsofaffi a gidajen jinya, ɗalibai masu aikin dare. Da an yi hasashen guguwa, zauren WhatsApp ɗinmu ya ɗauki zafi. Wani ya sanar cewa an kafa alluna a layin su wane, a kira shi don yana bakin aiki. Wani ya ce akwai gurbin mota ɗaya a garejin gidansu. Birni yana buɗe wasu wuraren ajiye motoci kyauta da dare a lokacin lodi, amma sabon zuwa bai san da su ba sai an nuna masa. Wanda zai yi tafiya gida cikin hunturu yakan bar makullin motarsa a hannun ɗan'uwa, domin a riƙa matsar da ita duk sanda jiniya ta yi kuka.

Gidajen tsofaffin unguwannin garin nan matakalarsu a waje take, ta ƙarfe, wata ma a murɗe take hawa bene na biyu. Hukuma ba ta share ta, tsakanin mai gida da ɗan haya ne, kuma a takardar haya ake rubuta wanda zai yi. Ka ƙaddara mace mai goyo, miji yana aikin dare, za ta sauko wannan matakala da asuba ta kai yaro gidan raino, kowane taki ya daskare. Saboda haka samarinmu suka saba, bayan kowace guguwa, a raba gidajen dattawa da na matan da mazansu ba sa nan, a je da shebur da buhun gishiri. Ba ma barin dattijo ya ɗauki shebur. Jiƙaƙƙiyar dusar ƙanƙara tana da nauyin gaske, ga sanyi yana matse jijiyoyin jini, kowace shekara ana samun waɗanda zuciyarsu ke bugawa a bakin ƙofarsu. Masu hali kan ɗauki ɗan kwangila mai tarakta na hunturu gaba ɗaya, wasu kuma su kafa rumfar leda a kan hanyar shiga gida, amma yawancinmu 'yan haya ne, ƙarfinmu shi ne hannuwanmu.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba ma gajiya da maimaita wa baƙo, har a masallaci bayan sallar Juma'a. Kada ka tada motar da ƙanƙara ta binne kafin ka haƙe bayanta ka buɗe bakin salansa, kuma kada ka sa yara a ciki su ji ɗumi kana haƙa. Hayaƙin da ya rasa hanyar fita cikin motar yake komawa, iskar gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai ji. An rasa rayuka ta haka a garin nan. Haka ma gawayi ko janareto a cikin gida idan wuta ta ɗauke. A Afrilun 2023, ana cikin azumi, ruwan sama mai daskarewa ya karya rassan itatuwa a kan wayoyi, gidaje sama da miliyan ɗaya a lardin suka rasa lantarki, asibitoci suka yi ta karɓar waɗanda suka shaƙi wannan iska garin neman ɗumi ko dafa abinci a ɗaka. A kwanakin nan, wanda ke da wuta a cikinmu shi ya buɗe ƙofarsa, iyalai biyu uku a gida ɗaya ake sahur ake buɗa-baki. 'Yan ƙasar kuwa 1998 suke tunawa, lokacin da irin wannan ruwa ya rusa manyan turakun lantarki kusan dubu, aka fito da sojoji fiye da 15,000, wasu garuruwa suka yi makonni cikin duhu da sanyi.

Ban ce tsarin ba shi da aibu ba. Wanda ya fi shan wuya shi ne mai keken guragu da tsohuwa mai sanda, domin a mahaɗar tituna tudun da aka ture yakan tare hanya kwana da kwanaki. Layukan cikin unguwa su ne na ƙarshe da ake isa. Kuma manyan motocin aikin nan suna da wuraren da direba ba ya gani, an sha samun haɗari da masu tafiya a ƙafa, shi ya sa muke koya wa yaranmu su tsaya nesa, kuma kada su haƙa ɗakin wasa a tudun bakin titi.

Ka tambaya ko ana zuwa aiki. Ana zuwa. Ba kasafai ake rufe makaranta ba sai guguwar ta yi tsanani, kuma jirgin ƙasan cikin gari da ake kira metro duk a ƙarƙashin ƙasa yake tafiya, babu ruwansa da abin da ke sauka a sama. Masallaci ma a cike yake, sai dai a bakin ƙofa za ka tarar da tarin manyan takalma suna ɗigar ruwan gishiri, da wani bawan Allah riƙe da abin goge ƙasa don kada mai shigowa ya zame.

Idan Maris ya ƙare ta fara narkewa, wani aikin ne ke tasowa. Ruwan da ya shiga tsagar kwalta ya daskare ya kumbura ya fasa ta, sai tituna su cika da ramuka, a fito da ma'aikatan faci. Motocin shara suna bi suna tsince tsakuwar da aka watsa, masu mota suna layi a gareji a sauya taya a wanke gishirin da ke cin ƙarfen ƙasan mota, mu kuma mu tattara kwat-kwat da takalman da yara suka fi ƙarfinsu, a wanke a adana a ɗakin ajiyar wani daga cikinmu saboda iyalan da za su sauka kafin Disamba. A gaishe da mutanen gida.