Hukuncin Karanta Tallar Kamfanin Caca a Shirin Wasanni

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina gabatar da shirin wasanni a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Gombe. Wani kamfanin bet ya ɗauki nauyin shirin, aka ce in riƙa karanta tallarsu, in kuma faɗi wata lamba da suka ba ni, duk wanda ya yi rajista da ita a ba ni kamasho. Ni ban taɓa bugawa ba, kuma kafin zuwansu mun yi wata uku ba albashi. Mene ne hukuncin aikina da kuɗin da nake karɓa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ɗana, da zuciyarka ta ƙi nutsuwa har ka tambaya.

Bet caca ce, canja mata suna bai canja hukuncinta ba. Mutum ya sa kuɗi a kan abin da bai san ƙarshensa ba, ko ya ci na wasu ko a ci nasa: wannan shi ne maisir da Allah ya jera shi da giya da gumaka a Suratul Ma'ida, aya ta 90, ya ce ƙazanta ce daga aikin Shaiɗan, ku nisance shi. Aya ta 91 ta faɗi dalili: yana haddasa gaba da ƙiyayya, yana hana ambaton Allah da salla. Babu saɓanin malamai a kan wannan.

Amma kai ba kan bugawa ka tambaya ba, kan kira zuwa gare ta ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Dubi nan da kyau. Ba a buga ba, ko sisi bai fita daga aljihun kowa ba, gayyata ce kawai ga mutum ɗaya, amma an umarce shi da sadaka don kankare furucin. To ina ga wanda muryarsa ke shiga Pantami da Bolari da Tudun Wada, ta wuce har Kumo da Dukku, yana maimaita gayyatar duk mako? Muslim kuma ya ruwaito cewa wanda ya yi kira zuwa ga ɓata yana da kwatankwacin zunubin waɗanda suka bi shi. Allah ya ce a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida kada a taimaki juna a kan zunubi.

Ka san me kamfanin ya saya a wurinka? Amanar da matasa suka ba ka. Yaron da ya saba jin sharhinka a kan Gombe United ko Arsenal ya yarda ka san ƙwallo, in ka ce ga inda ake cin kuɗi, ya ɗauka ilimi ne ba sa'a ba. Wani uba ya taɓa zuwa zaurena da ɗansa mai koyon gyaran waya, ya zazzage min wata leda cike da 'yan siraran takardun bet, rubutun wasu har ya goge. Kuɗin gyaran mutane ne yaron ya zuba. Da na tambaye shi, abin da ya iya cewa shi ne, "Malam, kullum wasa ɗaya ne ke yanke min." Wannan wasa ɗayan da ke ɓata masa takardar bet ɗin shi ne jarin kamfanin, da shi ake biyan kuɗin tallar da kake karantawa.

Don haka karanta tallar haramun ne, ladar da aka ware mata ma haramun ce, saboda hadisin Ibn Abbas a wajen Ahmad da Abu Dawud cewa idan Allah ya haramta abu, ya haramta kuɗinsa. Kamashon lambar ya fi muni, domin samunka ya rataya kai tsaye a kan yawan waɗanda suka faɗa ta hannunka. Ka daina faɗinta tun daga shiri mai zuwa.

Sai dai ba zan haramta maka abin da Allah bai haramta ba. Sharhin wasanni a kan kansa halal ne. Albashinka na wannan aikin halal ne ko da gidan yana karɓar tallar da ba ta dace ba, matuƙar ba kai ke karanta ta ko shirya ta ba, kodayake neman wurin da ya fi tsabta ya fi. Haka mai kallon wasa a gidan kallo, tallar bet na yawo a allon gefen fili, ba shi da laifi in ya ƙi ta a zuciyarsa, kuma kallon bai sa shi tozarta salla ba.

Kada kuma a ce maka duniya ce ta tafi a haka. Italiya ta yi dokar hana tallar caca a 2018. A watan Afrilun 2023 ƙungiyoyin Firimiyar Ingila suka amince su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26. Waɗannan ba aya suka karanta ba, ɓarnar suka gani. Frederic Kanoute, ɗan wasan Mali, ya liƙe tambarin kamfanin caca da ke ƙirjin rigarsa a Sevilla a 2006 saboda addininsa.

Wata ukun nan da ka ambata ban raina su ba, na san mai iyali. Amma lalurar da ke halatta haram ita ce ta tsoron halaka in babu wata mafita, kai kuwa ba ka gwada ƙofofin ba tukuna. Ka samu shugaban gidan cikin ladabi, ka ce a cire ka daga karanta tallar, kuma kada ka je hannu rabbana: ka zaga wajen masu shagunan waya, masu taki da injinan noma, makarantu, ka nemo wa shirin wani mai ɗaukar nauyi. In aka dage lallai sai ka karanta, ka nemi a sauya maka shiri, in ya ƙi ka fara neman wani aikin da gaske. Allah ya yi alkawari a Suratuɗ Ɗalaƙ cewa wanda ya ji tsoronsa zai sanya masa mafita, ya azurta shi ta inda ba ya zato.

Kamashon da ka riga ka ci cikin rashin sani, tuba ta wadatar. Wanda ya rage a asusunka, ka fitar da shi ga mabukata da niyyar rabuwa da shi, ba da niyyar neman ladar sadaka ba, kuma kada ka mayar wa kamfanin.

Wallahu a'alam.