Kyamarar da ba ta ɗaukar hoto: amsoshin tambayoyinku

Tambaya daga Zariya: Malam, tun da na sayi tebur mai gilashi linzamin kwamfutata yake ta tsalle-tsalle. Ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau. 'Yar kyamarar da ke ƙarƙashinsa kaushin tebur take kallo don ta gane inda ka ja shi, gilashi kuwa sumul yake. Shimfiɗa masa ko da kwali ne.

Tambaya daga Maraɗi: Na ji wai akwai kyamarar da motsi kawai take gani, har ta auna gudun abu. Megafiksel nawa ce? Ta fi ta wayata?

Haba ɗan'uwa! Wannan megafiksel ya shiga ranku, har fitilar hannu sai kun tambayi nata. Megafiksel ɗaya ɗigon hoto miliyan ɗaya ne, amma lissafin nan ba ya aiki a nan.

Kyamarar wayarka hotuna take jerawa, kamar 30 a daƙiƙa, ta tura wa kwakwalwar waya komai, har bangon da bai motsa ba. Tsakanin hoto da hoto kuma makauniya ce. Shi kuwa guntun lantarkin (chip) da ke cikin kyamarar da ka ji labari, kowane ɗigon da ke karɓar haske yana da 'yar da'irar lantarki tasa, yana gwada abin da ya gani da na maƙwabcinsa nan take, ba a tsaya mayar da shi lambobi ba. An san tazarar da ke tsakanin ɗigo biyu. In gefen abu ya gitta na farko ya isa na biyu, sai a auna lokacin da ya ɗauka. Gudu ke nan ya fito.

Daga ƙwari aka ɗauko dabarar. A 1956 masana kimiyya Hassenstein da Reichardt suka bayyana yadda idon wani ƙwaro ke jinkirta saƙon ɗigo ɗaya ya haɗa shi da na kusa. A shekarun 1980 John Tanner da Carver Mead suka gina guntu mai auna motsi a jami'ar Caltech ta Amurka, Misha Mahowald kuma ta yi idon silikon, wato guntu mai kwaikwayon ido, tare da Mead. Wani nau'in idon silikon da aka yi a Zurich aka wallafa bayaninsa a 2008 ɗigo 128 sau 128 ne kacal, wato 16,384, amma yana iya amsawa cikin kashi 15 cikin miliyan na daƙiƙa, ɗigon da haskensa ya sauya shi kaɗai ke magana. Na kamfanonin Sony da Prophesee na 2021 ma 1280 sau 720 ne, bai kai megafiksel ɗaya ba.

Yana da nasa rauni: ɗigogin ba sa fitowa daidai wa daida daga masana'anta, in kuma komai ya tsaya cak ba ya ganin komai. Hoton biki dai riƙe wayarka. Kafin ka sayi kowace kyamara, kaɗa hannu a gabanta cikin ɗaki mai duhu-duhu ka duba abin da ta ɗauka.

Tambaya daga Kumasi: Ƙaramin jirgina marar matuƙi yana zamewa gefe a cikin ɗaki da dare.

Idon da ke cikinsa ƙasa yake kallo don ya tsaya wuri guda, ba ya gani a duhu ko a kan tayil mai sheƙi. Kunna fitila, ka shimfiɗa darduma mai zane.