Yadda Garkuwar Jiki Ke Aika wa Ƙwaƙwalwa Saƙo

Tambaya: Ni ɗalibar aikin jinya ce a Birnin Kebbi. An ce mana kasalar mai zazzaɓi daga ƙwaƙwalwa take, kuma a jikin ɓeraye aka gano haka. Ta yaya cutar da ke cikin jini take taɓa ƙwaƙwalwa?

Amsa: Malama, abin da aka gaya muku gaskiya ne. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jiki, garkuwar jiki tana fitar da sinadaran aike da ake kira saitokayin, kuma wanda aka fi nazari a cikinsu shi ne intalukin-1. Idan aka yi wa ɓera allurarsa a ciki, cikin 'yan sa'o'i za ki gan shi takure a kusurwar keji, gashinsa a tashe, ya ƙi abinci, ko wani ɓeran aka sa masa ba zai shinshine shi ba.

Ƙwaƙwalwa tana da shingen da ke tace abin da jini ya kawo, don haka saƙon yakan bi wasu hanyoyi. Ɗaya ita ce jijiyar bagus, wadda ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa har cikin ciki. A 1994 masu bincike a birnin Bodo na Faransa sun yanke ta a jikin ɓeraye, sai alamun kasalar suka ragu ƙwarai, alhali gubar ƙwayoyin cutar da aka zuba musu tana nan. A ganina wannan gwaji ne ya fi fito da lamarin fili. Hanya ta biyu kuwa, bangon hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa ne ke karɓar saƙon, ya samar da furostagilandin mai ɗaga zafin jiki, wanda farasitamol ke ragewa.

Da isar saƙon, sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke zance da su sai su sauya. Ana dasa siririn bututu a cikin ƙwaƙwalwar ɓera yana raye, a riƙa ɗibo ruwan wurin ana aunawa, kuma ta haka aka ga ɗaya daga cikin sinadaran nan, noradirinalin, yana ƙaruwa a haifotalamus, sashen da ke kula da yunwa da ɗumin jiki, aikin wani daga cikinsu, sirotonin, ma yana ƙaruwa.

Ɓera ba mutum ba ne, amma idan damina ta kankama, kika ga yaro mai zazzaɓin cizon sauro daga fadamun Argungu yana kau da kai daga kunu, ki fahimtar da mahaifiyarsa cewa ba taurin kai yake yi ba, ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan tare da maganinsa.