Tambaya da Amsa: Tsohuwar Bindiga da Harsashin Dalma

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Na ga wasu dattawan Turawa a bidiyo suna narka dalma a ɗan kasko, su zuba ta a mazubi su fitar da harsashi da hannunsu, sannan su je fili su kwanta rub da ciki suna harbin allo da bindigogin da suka girmi iyayensu. Marigayi kakana tsohon sojan Bama ne, ya sha ba mu labarin bindigarsa. Me ya sa mutum zai ɗora wa kansa wannan wahala alhali ga harsashin kamfani a kanti?
Ɗanka, daga Tudun Wadan Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kakanka, ya sa ya huta. Bindigar da mazan jiya na runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma suka riƙe a dajin Bama ita ce Lee-Enfield mai cin harsashin .303 (wato awon faɗin bututunta a inci), dangin wadda 'yan sandanmu suka daɗe suna saɓawa, ake ce mata Mak 4. Tana cikin bindigogin da waɗannan dattawa suka fi ji da su.

A shekarun da na yi ina aiki a Ingila na shiga wata ƙungiyar masu harbin allo. Sai da na yi watanni ana duba halina kafin a karɓe ni, kuma ban mallaki bindiga ba sai da 'yan sanda suka zo har gida suka ga akwatin ƙarfen da zan riƙa kulle ta. Babban filin harbin allo na Ingila yana Bisley, kudu maso yamma da Landan, inda masu harbin suka koma a 1890 bayan shekara talatin a Wimbledon. Duk watan Oktoba ana taron masu tsofaffin bindigogi a can, kuma a irin wannan taro na fara ganin an harba Martini-Henry, wadda sojan Ingila ya fara riƙewa a 1871.

Mai ita wani tsoho ne da hannunsa ke rawa in ya ɗauki kofin shayi. Da ya kwanta ya ɗora kumatunsa a gindin bindigar, sai rawar ta ɗauke. Ya danna ƙarfen ƙasa, bakin ɗakin harsashi ya buɗe, ya zura harsashi mai kaurin babban yatsa, kansa na dalma naɗe da farar takarda kamar an yi masa rawani. Ya ja kunama, farin hayaƙi ya turnuƙe mu. Warin da ya bugi hancina shi ne dai warin albarushin 'yan bindigar sarki ranar Hawan Daushe, har na ji ƙwalla ta taru mini. Can a yadi 200 mai duba allo ya sauke shi cikin rami, ya ɗago da alama dab da tsakiya.

To, dalilinsu na farko tilas ce. Harsashin Martini ba a jibge yake a kanti ba, an daina yi wa soja shi tun zamanin kakanni. Wanda ke son jin muryar bindigarsa sai ya nemi kwanson tagulla da tsada, ya riƙa wanke shi yana sake cika shi, kan harsashin kuwa ya zuba da kansa. Nauyin kan nan ya kai giram 31, kusan ninki uku na kan .303.

Dalili na biyu tausayin ƙarfe ne. Bindigogin farko don dalma aka ƙera su. Sai a 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi, bayan shekara 2 Faransa ta fito da bindigar Lebel mai aiki da shi. Gudun harsashi ya ƙaru ƙwarai, dalma tsura ba ta jure wannan gudu, sai ta riƙa gogewa tana manne wa cikin bututu. Shi ya sa aka koma sa wa harsashi rigar ƙarfe mai tauri. Rigar nan da zafin albarushi mai yawa su ke cinye bututu a hankali. Dalma kuwa laushi gare ta, ita ke lanƙwasa ta bi ƙarfe. Mai Lee-Enfield da ta haura shekara 100, in yana son jikansa ma ya harba ta, sai ya sassauta mata: harsashin soja yana fita da gudun mita 740 a daƙiƙa, na dalma kuwa akan tsayar da shi wajen mita 450 zuwa 550. Ƙara ta ragu, dukan kafaɗa ya ragu, bututu ya huta. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san yadda za a ɗebe ta.

Na uku shi ne wanda ya riƙe ni, kuma a nan nake son ka tsaya. Cikin bututun bindiga akwai tsagogi masu murɗiya, su ke sa harsashi ya fita yana juyi kamar mazari, ya tafi sak. Tsofaffin bindigogin soja an ƙera su a masana'antu daban-daban, wasu cikin gaggawar yaƙi, wasu sun sha harbi sun buɗe. Sunansu ɗaya, amma faɗin cikinsu ba ɗaya ba ne. Harsashin kamfani awo guda gare shi, kamar rigar kanti: wani ta yi masa daidai, wani ta yi masa burum. Mai zubin dalma shi tela ne. Yakan ɗauki ɗan curin dalma mai laushi ya shafa masa mai, ya tura shi cikin bututu tun daga baki har ya faɗo ta gindi, ya auna shi da ma'auni mai gane kashi 1 cikin 1,000 na inci. Daga nan ya zuba harsashin da ya ɗara wannan awo da ƙiris, yadda zai toshe bututu ruf, wuta ba ta samu hanyar wucewa ta gefe ba. Tawa bindigar da harsashin kanti watsa harbi take yi kamar an watsa wa kaji tsaba. Da na auna ta na yi mata nata, harbi 10 a yadi 100 suka taru wuri guda, tafin hannuna ya rufe su. Shekara da shekaru ana zarginta da tsufa, ashe ba a taɓa tambayarta awonta ba.

Sauran aikin duk haƙuri ne. Ana ɗan gauraya dalma da kuza don ta cika mazubi sosai ta kuma ɗan yi tauri, kamar kashi 1 na kuza cikin 20 ko 30. Mazubi in bai yi zafi ba harsashi ya fito da tamoji kamar fatar tsohuwa, a mayar da shi kasko. Wanda ya fito sumul a ɗora shi a sikeli, in ya gaza 'yan'uwansa nauyi to akwai kumfar iska a cikinsa, shi ma a mayar. Ramukan da ke kewaye da shi a cike su da kakin zuma da kitse. Kowa da littafinsa: ranar kaza, iska daga hagu, zubin kaza, ga inda ya faɗa. Kada ka raina dalma don ba ta da gudu. A 1874 a filin Creedmoor kusa da New York, mutum shida na Amurka suka kara da shida na Ayaland a yadi 800 da 900 da 1,000, dukkansu da harsashin dalma da baƙin albarushi, wato tsohon albarushi mai hayaƙi, Amurka ta ci da maki 934 a kan 931.

Awon albarushi kam ba zan rubuta a mujalla ba. Wannan ilimi ne na gaban malami da littafin da aka gwada. Kuskuren cika kwanso sau biyu, ko sa albarushin zamani a bindigar baƙin albarushi, ya raba mutane da idanunsu da yatsunsu.

TAMBAYA: Baba, mun tsinci wata tsohuwar bindigar soja a rufin ɗakin kakanmu. Zan iya gyara ta in riƙa gwada saiti a gona?
Daga wani matashi a Azare

AMSA: A'a ɗana, kada ka fara. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar soja mai cin .303 cikin haramtattun makamai, tsufanta ba ya fitar da ita daga ciki. Adaka ma da ake ɗura wa albarushi ta baki sai da lasisin hukuma, haɗa harsashi a gida kuwa laifi ne. Ga halin da ƙasa ke ciki, wanda aka gani da ita a gona ba za a tsaya jin tarihin kakansa ba. Kada ku taɓa kunamarta, don tsohuwar bindiga takan kwana da harsashi a ciki shekaru. Ku sanar da mai unguwa, babban gidanku ya raka ku wurin 'yan sanda. Kafin nan ku ɗauke ta hoto, ku rubuta lambobi da tambarin da ke jikinta, a nan ake gane shekarar da aka ƙera ta da inda aka ƙera ta.

TAMBAYA: Malam, maigidana maharbi ne mai lasisi. Yakan fasa tsohon batirin mota ya narka dalmar a murhuna ya yi wa adakarsa harsashi. Yaranmu uku suna wasa a wurin. Akwai illa?
'Yar'uwarka, daga Gusau

AMSA: 'Yar'uwa, wasiƙarki ta hana ni barci. Akwai illa babba, kuma ku mutanen Zamfara kun fi kowa saninta. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ƙurar dutsen zinariya da ake daka a tsakar gida. Dalmar nan dai ita ce a murhunki. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da zai sa yaro ya tofar. Ƙurarta da dattin da ake kwashewa a saman kasko su ke faɗa wa ƙasa, yaro ya yi rarrafe ya kai hannu baki. Jikin yaro ya fi na babba zuƙarta, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa, ko bai yi ciwo a fili ba sai karatu ya zo ya gagare shi. Mai juna biyu ma tana miƙa wa ɗan cikinta. Batir kuwa ya fi kowace dalma sharri, ga ruwan batir mai ƙuna, ga wasu gubobin da ke tashi in an sa farantansa a wuta. Masu zubin da na zauna da su ko kyauta ba sa karɓar dalmar batir.

Akwai kuma haɗarin ruwa. Dalma tana narkewa a zafin digiri 327. In danshi ya nutse cikinta, nan take ya zama tururi ya yi tsartuwa da ita ko'ina. Ina da tabo a wuyan hannuna na hagu daga ludayin da na ɗauko da sanyin safiya ban gasa shi ba. Ki duba tsayin ɗanki in ya tsaya gaban murhu, ki ga inda fuskarsa take.

Ki samu maigida cikin ladabi bayan ya ci abinci, ki karanta masa wannan amsa, ki ce roƙo ne daga ɗan'uwansa mai son bindiga kamarsa. Aikin nan ya bar gidan kwata-kwata. Kaskon da ludayin da aka taɓa sa wa dalma kada su sake ganin abinci, wanki ba ya fitar da ita. A kankare ƙasar gefen murhu bayan an yayyafa mata ruwa don kada ƙura ta tashi, a kai ta nesa da rijiya a binne, a zuba sabuwa. Rigar da ya yi aiki da ita a wanke ta daban, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauki yaro. Yaran uku kuma ki kai su asibiti cikin makon nan, ki gaya wa likita ana narka dalma a gidanku, ki roƙi a gwada jininsu. Ki sake rubuto mini in sakamakon ya fito.