Zargi, tuhuma da gidan kaso: kalmomin shari'a a ajin lise

Tambayoyin wannan makon sun karkata ga shari'a, yawancinsu daga malamai da ƴan lise, wato babbar sakandare, na nan Maraɗi. Darasin da Faransanci ake ba da shi, amma idan yaro ya kasa ganewa da Hausa ake warware masa, kuma a wurin warwarewar ne ake tuntuɓe.

Wani malami daga unguwar Zariya ya rubuto: "Ɗalibaina na ɗaukar wanda ake zargi, wanda ake tuhuma da mai laifi duk abu ɗaya. Akwai bambanci?"

Malam, a hirar bakin titi zargi da tuhuma sukan shiga gonar juna, ba kuma wanda zai ce an ɓata Hausa. A aji ne ya kamata ka raba su, tunda doka ta raba matakan. Zargi magana ce da kowa ke iya yi: maƙwabci, mai kaya, ɗan sanda. Tuhuma, wadda muka aro daga Larabci, ka keɓe ta ga lokacin da hukumar shari'a ta faɗa wa mutum takamaiman laifin da zai amsa. Mai laifi kuwa sai alƙali ya yanke hukunci.

Ga yadda za ka shimfiɗa musu. Raba allo gida huɗu, ka ba su labarin babur da ya ɓace a ƙofar kasuwa. Gida na farko, mai babur ya kai ƙara komisariya ko wurin jandarma, an kama wani. A laifi irin wannan awa 48 ake tsare shi, ƙarin lokaci sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Sunansa a nan wanda ake zargi. Gida na biyu, takardu sun isa hannun mai gabatar da ƙara, wanda ke iya rufe maganar in hujja ba ta kai ba, ko ya tura ta kotu, ko ya miƙa wa alƙali mai bincike in ta yi nauyi. In ba a rufe maganar ba, daga nan ya zama wanda ake tuhuma. Gida na uku zaman kotu da hukunci, na huɗu ɗaukaka ƙara. Sa kowane ɗalibi ya rubuta labarin a layi huɗu. Za ka tarar da yawa sun rubuta "ɓarawon" tun a layin farko, domin haka kunnensu ya saba ji a gari. Ja layi ƙarƙashin kalmar, ka tambaye su wa ya yanke hukuncin. Karin maganar da za ta taya ka ita ce "zato zunubi, ko da ya zama gaskiya". Ta ma fi doka tsauri, don doka ta yarda a yi zato, bincike kawai take nema kafin a laƙaba suna.

Wata ɗaliba ta ce: "Me ya sa muke cewa gidan kaso, a rediyon Najeriya kuma muna jin gidan yari da kurkuku?"

Ɗiyata, kaso Faransanci ne da ya sha ruwan Hausa: cachot, wato ɗan ɗakin duhu da ake kulle mutum. Gidan yari ya girme shi, saboda Yari sarauta ce ta mai tsaron ɗaurarru a fadar sarki tun kafin zuwan Turawa. Fursuna, kotu, lauya da joji daga Ingilishi suka shigo ta kudu, kuma Maraɗi da ke maƙwabtaka da Katsina ta karɓe su ba gardama. Duk Hausa ce, ki yi amfani da wadda mai sauraronki ya sani.

Inda nake jan kunne shi ne talala. Asalinta ɗaure dabba da doguwar igiya, ta yi kiwo amma ba ta wuce iyaka. Hoton ya yi kyau har aka ɗora masa kaya uku: wanda aka tsare a gidansa, wanda aka saka na wucin gadi kafin shari'arsa, da wanda aka yanke wa ɗauri aka jingine zaman. Na biyun ba a same shi da laifi ba tukuna. A ce masa sakin talala. Na ukun an riga an same shi, kuma in ya sake aikata laifi cikin wa'adin da doka ta sa, tsohon ɗaurin zai faɗo masa tare da sabon. Wannan ƴan jaridarmu sun raɗa masa suna mai daɗi, ɗaurin je-ka-gyara-halinka.

An kuma tambaya ko alƙali Hausa ce. Daga al-ƙadi na Larabci take. Harafin nan mai nauyi na "d" ɗin al-ƙadi da almajirai ke kira lodi yakan koma "l" a bakin Bahaushe, kamar a alwala, farilla, larura da Ramalan.

Wani mahaifi ya ce: "Ɗana ya ji ana cewa shari'a mace ce da ciki, kuma shari'a saɓanin hankali. Ba zagin kotu ba ne wannan?"

Alhaji, ba zagi ba ne, gargaɗi ne. Ta farkon cikonta "ba a san abin da za ta haifa ba": mai shiga kotu kada ya riga alƙali yanke hukunci. Ta biyun tana nufin abin da duk gari ya tabbatar a zuci yana iya faɗuwa a gaban alƙali in ba shaida. Kowa ya san gonar ta kakan wane ce, amma ina takarda, ina dattawan da suka ga an shata iyaka? Saboda haka ne tsarin dokokin karkara na 1993 ya kafa kwamitocin filaye masu ba da takardar shaidar gona.

A nan ma akwai kalmar da ake gurɓatawa. Mutane kan ce "sarki ya yi mana shari'a". A dokar Nijar, abin da mai unguwa, mai gari, sarkin kanto ko Sarkin Katsinan Maraɗi ke yi a rikicin gona, aure ko bashi sulhu ne. In an daidaita a rubuta takarda, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In an kasa, magana ta wuce kotu. Can ma al'ada ba ta tsaya a ƙofa ba: a kan aure, saki, gado da gonar da ba ta da rajista, alƙali na zama da masana al'adar masu ƙarar. Ɗauri kuwa ba hurumin fada ba ne.

Ta ƙarshe daga wani malamin ce, kan ko zai iya koyar da haɗin baki da "abokin ɓarawo ɓarawo ne". Kai ta aji, Malam, amma don ɗalibai su gano inda ta saɓa wa doka. Karin maganar tarbiyya take yi, tana hana yaro mugun aboki. Kotu ba ta ɗaure mutum don abota. Sai ya taimaka da saninsa, ya yi gadi, ya ba da makulli, ko ya nuna gidan. Akwai kuma laifi na daban, karɓar kayan sata, wanda ya fi kusa da ƴan lise. Ka rubuta a allo: wayar da kuɗinta ya kai jaka 80, an sallama wa yaro ita a jaka 15, ba kwali ba rasit, da dare a bayan tasha. Bar su su yi gardama a kan ko zai iya ce wa alƙali bai sani ba.